Kyarkecin Hijaz da Yadda Yake Zaɓen Abin Farautarsa

Alhazan da ke sauka unguwar Shisha, tsakanin Masallacin Harami da Mina, sun san duwatsun nan baƙaƙe da suka kewaye Makka. Idan mutum ya bi su ta gabas, ya hau zuwa Ɗa'ifa, to ya shiga ƙasar dabban nan da Larabawa ke kira zi'ib, watau wanda malamai ke fassarawa da kyarkeci a tafsirin Suratu Yusuf. Ba shi ne kyarkecin nan mai dabbare-dabbare na dazukan Afirka ba. Shi wannan ɗan'uwan kyarkecin Turai da na Amurka ne, sai dai ƙarami ne, nauyinsa wajen kilo 20.

Makiyaya sun daɗe suna ƙinsa. Akan harbe shi, ko a sa masa guba, har a rataye gawarsa a itace bakin hanya don ta zama gargaɗi. Amma wanda ya san yadda dabban nan ke zaɓen abin da zai kama, zai ga an zarce da hukunci.

Kyarkeci ba shi da faratan damƙa irin na zaki. Makamansa biyu ne kaɗai, watau haƙora da jimirin gudu. Saboda haka kowace farauta kasada ce gare shi, gama dabba mai lafiya tana iya karya masa haƙarƙari da harbi ɗaya, kyarkecin da ya karye kuwa yunwa ce ajalinsa. Abin da yakan yi shi ne gwaji. Sai ya matso garke ya razana shi, ya bi shi a guje yana lura. Dabbar da ta tsaya ta fuskance shi, sau da yawa yakan ƙyale ta. Wadda ta ɗingisa, ko numfashinta ya gaza ta koma baya, ita ce tasa.

Masana sun auna wannan al'amari. A Alaska, wani masani, Adolf Muri, ya tattara ƙoƙunan kan tumakin dutse fiye da 800 a inda kyarketai ke farautarsu, ya buga sakamakon a 1944. Yawancinsu na tsofaffi ne ko na ƙanana, masu ƙarfin shekaru kuwa kaɗan ne, da dama cikinsu ma da alamar cuta a ƙashinsu. Haka kuma a tsibirin Ayil Royal na Amurka, daga 1959 zuwa 1961, Dabid Mek ya bi wani babban garken kyarketai da jirgin sama, suna farautar mus, wata ƙatuwar dabba wadda ta fi gwanki girma. Sun gano mus 131, sun gwada 77, amma 6 kaɗai suka kashe. Ashe komawa da yunwa ta fi yawa a sana'arsa.

Kyarkecin Hijaz ba ya tara babban garke irin wannan, don hamada ba za ta ciyar da su ba. Yakan fita shi kaɗai, ko su biyu, ko uku, galibi da dare. Cimarsa zomo ne da ɓeraye da mushe, da barewa da akuyar dutse in ya samu. To, bindiga da mota sun rage barewar daji ƙwarai a cikin ƙarni na 20, awaki da tumaki suka maye makiyayarta. Akuyar gida kuwa ba ta da gudun barewa, ba ta da wayon hawan akuyar dutse. A idon kyarkeci duk garken gida raunana ne.

Hasarar makiyayi gaskiya ce, ba abin rainawa ba ne. Kyarkecin da ya faɗa cikin shinge yakan kashe fiye da abin da zai ci, talakan da ke da awaki goma kuwa ya shiga uku. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Garken da aka saki ba makiyayi, aka bar shi ya kwana a fili, shi ake yi wa ɓarna. Guba kuma ba ta tambayar suna: takan kashe ungulu da kura da karen makiyayin kansa. Inda masu farauta irin su damisa da kyarkeci suka ƙaranta, wasu dabbobin sukan yi yawa, kamar gwaggon birin da ke tare matafiya a hanyar Hada, tsakanin Makka da Ɗa'ifa. Amurkawa ma sun ƙarar da kyarketan gandun dajinsu na Yeloston a wajen 1926, daga baya tilas suka ɗauko wasu daga Kanada a 1995 suka sake.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. A gina shinge mai ƙarfi na kwana, a sa makiyayi da kare a bayan garke, a binne mushe, a hana guba, a kuma ƙara wuraren da aka killace don namun daji, irin su Mahazat as-Sayd da ke gabas da Ɗa'ifa. In kyarkeci ya sami barewa a dawa, ya tarar da shingen gida a rufe, makiyayi zai kwana da awakinsa cif.