Masu daskarar da gawa suna neman haƙƙi, suna gudun bincike

A Amurka akwai kamfanonin da ke karɓar gawa su tsoma ta cikin ruwan nitrojen mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, wai har ranar da likitoci za su iya tada ta. Tun 1967 da anka fara da James Bedford, babu mutum ɗaya da ya tashi. A baya, kamfanin Alcor na Arizona ya daɗe yana karɓar dala 200.000 kan gawa ɗaya. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba: sama da miliyan 100 na sefa ke nan.

Yanzu magoya bayansu suna cewa wannan haƙƙin ɗan Adam ne, doka ta kare shi. To mu duba hanyoyin da sunka bi.

Ta farko, sauya ma abu suna. Alcor na karɓar gawa ƙarƙashin dokar ba da kyautar jiki don binciken kimiyya, don kada a lissafa shi cikin masu aikin jana'iza. Ta biyu, matsa ma majalisa. A 2004 wani depite na Arizona ya kawo ƙudurin sa kamfanin ƙarƙashin hukumar jana'iza; mambobinsa sunka yi ca, anka janye ƙudurin. Ta uku, kotu. A Ingila, a 2016, yarinya ƴar shekara 14 mai ciwon daji ta nemi a daskarar da ita, iyayenta sun saɓa, alƙali Peter Jackson ya ba uwar ikon yanke shawara. Alƙalin da kansa ya ce hukuncinsa kan rigimar iyali ne, kuma ya nuna buƙatar a kafa ƙa'ida. Wannan ɓangaren ba su cika maimaita shi ba.

A Faransa kuwa ƙofa a rufe take. Likita Raymond Martinot ya sa matarsa cikin firigo a 1984, ɗansa ya sa shi shi ma a 2002. A Janairun 2006 kotun Conseil d'État ta ce doka ta san binnewa da ƙonewa kaɗai. Ɗan yana shirin kai ƙara kotun Turai, sai firigon ya lalace, dole anka ƙone gawawwakin biyu. Mu da munka san abin da yankewar kuran ke yi ma nama, ba sai an yi muna bayani ba.

Za su ce mutum na da ikon barin wasiyya kan jikinsa. Mun ji. Mu nan wanka da likkafani da kabari munka sani, kuma ba mu ce a tilasta ma kowa namu ba. Amma wasiyyar mamaci ba ta wanke ɗan kasuwa. A 1979, a Chatsworth ta Kalifoniya, an tarar da gawawwaki tara sun narke sun ruɓe, alhali dangi sun biya kuɗi. Wa ya duba? Ba kowa.

Mamaci ba ya kai ƙara, jama'a. Duk mai son doka ta kare sana'arsa, ya buɗe ƙofa ma masu bincike, ya nuna asusunsa, ya rubuta ma iyali baƙi da fari cewa ba a taɓa tada kowa ba. In ya ƙi, mun gane abin da yake karewa.