Ran da aka buɗe wa abokin gaba ƙofar rumbu

A watan Oktoba na 1997, Janar Eugene Habiger, wanda a lokacin manyan makaman ƙare-dangi na Amurka ke ƙarƙashin umurninsa, ya sauka a sansanin Kostroma, arewa maso gabas da birnin Mosko. A lokacin, a can Rasha ke girke makamai masu linzami samfurin SS-24, kowane da kawunan nukiliya 10, waɗanda ake yawo da su bisa jirgin ƙasa don kada abokin gaba ya san inda suke. Abokin gaban kuwa shi ne baƙon. Aka zagaya da shi, ya ga masu gadi, ya ga inda ake kulle makaman, har ya lura cewa inda Amurka ke wajabta mutum biyu kafin a kusanci makami, Rashawa uku suke sawa. A 1998 takwaransa Janar Vladimir Yakovlev ya rama ziyara, aka kai shi sansanin Warren da ke jihar Wyoming.

Ba ƙauna ce ta kawo haka ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a sayen buhu a ɗaure, ko da mai buhun ya rantse. Ƙasashen biyu sun gane cewa tsoron abin da ba a gani ba shi ke sa a ƙera abin da ba a bukata, kuma shi ke sa hafsa ya ɗauki kuskuren na'ura a matsayin hari. Gani ya kori ji.

Yarjejeniyar New START ta 2010 ta mayar da wannan dubawa doka: kowane ɓangare kada ya girke kawuna fiye da 1,550, kuma ɗayan na da ikon zuwa bincike sau 18 a shekara. Annobar korona ta tsayar da binciken a 2020, sannan a Fabrairun 2023, ana tsakiyar yaƙin Yukren, Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar, wadda aka yanke wa wa'adin 5 ga Fabrairu 2026. Tun daga 2020 ɗin ba mai leƙa rumbun wani.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ke fama da kuɗin gero da albashi. To, a tuna cewa ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya maƙwabciyarmu, kuma ƙura ba ta neman biza. Tun 1971 ake haƙar iraniyom a Arlit. Afirka ta haramta wa kanta wannan makami da yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, saboda haka tana da bakin magana.

Wannan jarida na kira ga jakadunmu a Majalisar Ɗinkin Duniya da su haɗa baki da na sauran ƙasashen Afirka, su nemi Washington da Mosko su maido da masu bincike cikin sansanoninsu, a kuma gayyato Sin, wadda makamanta ke ƙaruwa ba tare da wani ya taɓa ƙirga su ba.