Baƙo ko ɗan gida?

Yara, a unguwar Cocotiers ta birnin Libreville, a ƙasar Gabon, kamar a Maraɗi ko Damagaram, masu son ƙwallo ba sa rabuwa da gardama. Da an ji ƙishin-ƙishin za a ɗauko mai horar da 'yan wasa daga Turai, sai wasu su yi murna, wasu su ɓata rai.

Ni dai ban cika murna ba. Ga dalilina.

A shekarar 2011, Harouna Doula, ɗan Nijar, ya samar wa ƙungiyar Mena gurbi a gasar cin kofin Afirka. Ba ta taɓa zuwa ba. A kan hanya ta doke Masar da Afirka ta Kudu a Yamai. Hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon masu horarwa na shekarar.

Da gasar ta ƙarato, sai aka kawo Rolland Courbis daga Faransa, wai ya riƙa ba shi shawara. To, maganar wa 'yan wasa za su bi? A Libreville, cikin Janairun 2012, Mena ta sha kashi sau uku: Gabon ta ci ta 2-0, Tunisiya 2-1, Maroko 1-0.

Ban ce baƙo ba shi da amfani ba. Gernot Rohr, Bajamushe, ya kai Gabon zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a wannan gasa. Amma shi tun 2010 yake tare da yaransa, ya san ƙafar kowa.