Ɗan Daudu Ba Ya Alwala Ne?

Wata Laraba da daddare ina gabatar da shirin fina-finai a gidan rediyon da nake aiki a nan Tamale, sai wani saurayi ya bugo waya. Bai faɗi sunansa ba. Ya ce, "Malam, me ya sa duk fim ɗin Hausa da aka sa ɗan daudu sai dai a yi masa dariya, ba a taɓa nuna shi yana alwala ba?" Kafin in buɗe baki mai kula da na'ura ya katse layin. Ban ce uffan ba, kuma har yau shirun nan nawa yana ci mini rai.

Gaskiya yaron ya faɗa. Faya-fayan Kannywood da muka taso muna saye a kasuwar Aboabo cike suke da ɗan daudu mai karairaya da habaici a bakin kasko. Mun yi dariya har da hawaye. Amma na zahiri suna azumi, wasu sun yi aure sun haihu, wasu sun sauke farali. Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya fitar da littafi a 2009, ya sa wannan ɓangaren a takarda. Kuma ba kowane ɗan daudu ne ɗan luwaɗi ba, fim ɗinmu bai ma damu ya bambance ba.

Ba fatawa nake bayarwa ba. Hukuncin luwaɗi a Musulunci sananne ne, ba ni da hurumin taɓa shi. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce nuna mutum daidai yake da halatta aikinsa. Muna nuna ɓarawo da mashayi da matsafi, mu ba su uwa, mu ba su hawaye da nadama. Wannan kaɗai muka hana wa zuciya.

Da muka bar filin, wasu suka shiga. A 2007 Parvez Sharma ya fitar da A Jihad for Love, kan Musulmi masu neman jinsi da suka ƙi rabuwa da addininsu. A ciki akwai Muhsin Hendricks na Afirka ta Kudu, wanda aka harbe a Fabrairun 2025. Ina da ƙorafi kan irin waɗannan fina-finai: idonsu na kan 'yan kallon Toronto da Balin, kuma sau da yawa malami ne mugun labarin. To amma da wane baki za mu yi ƙorafi, mu da ba mu yi namu ba?

Tsoron 'yan fim ba na banza ba ne. Fim ɗin Ife na Najeriya a intanet aka sake shi a 2020, bayan gargaɗin hukumar tace fina-finai. A nan Ghana, ranar 28 ga Fabrairu 2024 majalisa ta amince da ƙudirin da ya tanadi ɗauri ga masu yaɗa wannan ɗabi'a, duk da Akufo-Addo bai sa hannu ba. Kalmar "yaɗawa" kuwa faɗi gare ta. Darakta da ya nuna saurayi yana kuka a sujada, yana roƙon Allah ya yaye masa abin da ke ransa, yaɗawa ya yi ko wa'azi?

Na faɗa wa mai kula da na'ura, in yaron nan ya sake bugowa, kada ya taɓa layin.