Ra'ayinmu: A Sauke Bulon Nan Tukuna



Tun da aka dawo daga hutu wani sabon yayi ya shigo filin wasanmu: a kama ƙarfe, a ja jiki sama har haɓa ta wuce shi. Wannan abu ne mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 kullum, su kuma ƙarfafa tsoka aƙalla sau 3 a mako.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne masu ɗaura bulo a ƙugu da igiya, su rataya a ƙarfen ragar ƙwallo don a ce sun fi wane. Bulo yana lilo, yana fizgar kafaɗa da gwiwar hannu. Idan igiya ta tsinke, kan yatsun ƙafa zai faɗo. Ƙarfen raga kuwa ba don ɗaukar mutum aka yi shi ba, yana iya kifowa da mai lilon. Wanda ya gurɗe kafaɗa ana gab da jarrabawa, da wane hannu zai yi rubutu?

A ganinmu, kada kowa ya ƙara nauyi sai ya iya hawa 10 a jere da jikinsa kaɗai, ba tsalle, ba harba ƙafa. Sabon shiga ya fara da tafin hannu na kallonsa, ya fi sauƙi. Daga nan ya goya jakar makaranta, ya ɗaure ta tamau, ya saka fiya wata 2 a ciki. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo. Sai nauyin ya zama ba komai a wurinsa sannan ya ƙara leda 1. A ɗumama jiki kafin a fara, a riƙa saukowa a hankali, a huta kwana 1 tsakani. Da zarar gaɓa ta yi zafi, a tsaya.

Muna roƙon shugaban makaranta da malamin wasanni su kafa mana ƙarfe na musamman, a binne ƙafafunsa da siminti, a zuba yashi a ƙasa. Masu burin wakiltar Katsina a filin wasa na Muhammadu Dikko, ku fara da leda 2. Sannu ba ta hana zuwa.