Gayyar Soɗi Ce Ta Haifi Apple

A shekarar 2003 Tim O'Reilly, mai kamfanin buga littattafan kwamfuta a Amurka, ya fara taron Foo Camp. Ba a halarta sai da gayyata. A watan Agusta na 2005 wasu matasa suka ga abin bai yi musu ba, suka shirya BarCamp a Palo Alto, suka ce duk mai so ya zo. Har yau ana wannan gardama, kuma ni ina bayan matasan nan.

Masu son taron gayyata suna cewa a nan ne ake samun magana mai nauyi, babu 'yan kallo, babu masu zuwa neman abinci da hoto. To, wa yake rubuta jerin sunayen? Mai gayyata yana kiran wanda ya sani ne, wanda ya riga ya yi suna. Yaron da ke harhaɗa manhaja a wayarsa, ba ya da uba a gindin murhu, ina zai shiga wannan jeri? Taron 'yan gaban goshi taro ne na maimaita abin da kowa a ɗakin ya riga ya sani.

A watan Maris na 1975 aka fara zaman Homebrew Computer Club a wani gareji a Menlo Park, ƙofa a buɗe. Steve Wozniak ma'aikacin kamfanin HP ne a lokacin, ba wanda ya san da shi, abokinsa ne ya ja shi zuwa zaman farko. Abin da ya gani a wurin ne ya sa shi ƙera Apple I. Da ana tantancewa a bakin ƙofa, da wa zai tuna da shi? Haka kuma IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ba ta da katin zama mamba, kowa na iya sa baki.

Batun hayaniya kuwa, BarCamp ya magance shi tun farko: wanda ya zo ya gabatar da wani abu, ko ya taimaka da aikin taron. Da wannan sharaɗi salon ya bazu a duniya, har ya iso Accra a 2008.

Saboda haka masu shirya tarukan fasaha, ku ɗora wa mahalarta aiki idan kuna tsoron 'yan zaman banza, amma ku bar ƙofa a buɗe.