Dala Tana Amurka, Littafin Hajiya Yana Race Course

Wani saurayi ya bugo waya cikin shirina na safe daga Aboabo, muryarsa a sanyaye. Ya ce ya biya kuɗin koyon Excel da gina shafin intanet a wata cibiya, wata shida cur, bisa alkawarin yana gamawa zai fara kwasar dala a hannun Turawa. Yau wata tara ke nan yana neman aiki a Upwork, ko sannu ba wanda ya ce masa. A gida kuma mahaifinsa ya fara yi wa kwamfutar kallon hadarin kaji, don a Zango yaron da ya kwana gaban kwamfuta sunansa ɗan sakawa.

Ban ga laifin yaron ba. Faɗana da masu sayar da mafarki ne, waɗanda ke manna hoton takardar dala a jikin sanarwarsu, su karɓi kuɗin da uwa ta tara a adashe, su ɓoye wa ɗalibi rabin labarin. Ba sa gaya masa cewa a Upwork sai ka sayi damar neman aiki kafin a ko duba sunanka. Ba sa gaya masa Fiverr na yanke kashi 20 cikin 100 na duk abin da ya samu, ko cewa shekara da shekaru PayPal bai buɗe wa mutumin Gana ƙofa ba. Uwa uba, zai yi takara ne da mutanen Indiya da Pakistan da suka shekara goma suna tara shaidar masu ba da aiki. Wa zai ba baƙon da ba shi da ko shaida ɗaya?

Na ce masa, "Ƙanena, ka taɓa shiga Race Course da kwamfutar nan?" Ya yi dariya, wai me zai yi a kasuwar doya da masara.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun da aka kwashe 'yan kasuwa daga Kejetia saboda aikin sabon gini da aka soma a 2015, Race Course ta cika ta batse. Je ka zauna kusa da Hajiyar da ke sauke wake daga Nijar ko Burkina Faso. Da sefa take saye, da sidi take sayarwa. Tsakanin nan akwai kuɗin mota, kuɗin iyaka, ladan 'yan dako, buhun da ya jiƙe a hanya, da bashin masu tuwo da waake da ba a biya sai ƙarshen mako. Duk wannan yana cikin wani littafin makaranta da mai ya ɓata, rabi kuma yana cikin kanta. A Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, mutane da yawa sun yi ta ciniki suna murna alhali uwar kuɗi suke ci, don farashin da suka sayar bai isa ya sake sayo buhun ba. Jadawali ɗaya a Google Sheets, wanda za a canza masa farashin sefa ya fitar da ainihin kuɗin kowane buhu a waya, da ya nuna musu ramin tun kafin su faɗa.

Wannan aikin ba Bature a ciki, ba PayPal. MoMo ta isa, kuma tun 2009 muke da ita.

Za a ce 'yan kasuwa ba sa biya, kuma ba sa nuna wa yaro asirin cinikinsu. Gaskiya ne, kuma suna da hujja: wa zai miƙa lissafin dukiyarsa ga wanda bai san gidansu ba? Amma wannan ne ma makamin ɗan Zango, abin da ba shi da shi a Upwork. Hajiya ta san kakarsa, limamin unguwa zai tsaya masa. Ya yi wa mutum ɗaya a kan kuɗi kaɗan, ya riƙe amana, ya rufe bakinsa. Kasuwa ta fi rediyo saurin yaɗa labari, ni da nake cin abinci da rediyo nake faɗa. Daga jadawali sai makarantar Islamiyya ta nemi rajistar ɗalibai, mai shagon atamfa ya nemi shafin nuna kaya. Da waɗannan a hannu, in ya koma neman na waje, yana da abin nunawa.

Ku kuma iyayenmu, a yi mana adalci. Sakawa ta ɓata mana suna, har kalmar ma daga bakinmu aka ɗauke ta. Amma kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku ce ya buɗe kwamfutar ya nuna muku abin da yake yi. In lissafi ne, ku fara ba shi naku.

Saurayin nan ya sake bugowa bayan mako uku. Wata mai sayar da masara ta yarda ya gwada, da sharaɗin littafinta ba zai bar rumfar ba, kuma kwamfutar sai ƙarƙashin tebur, kada maƙwabta su ga ribarta.